Gidan Malam Baƙo a Sabon Zangon Akra

Malam Idrisu Naino Bakatsine ne. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ya sauka Akra, ya samu fili daga mutanen Ga, masu ƙasa, a wurin da ake kira Zongo Lane a yau. Ya rasu a 1893. Ɗansa Malam Baƙo ya gaji malanta da jagorancin Hausawa, amma tsakiyar gari ta cushe, ga kuma rigimar limanci tsakanin Musulmin birnin. Sai ya nemi ƙasa a hannun sarakunan Sempe, yamma da tafkin Korle, kuma wajen 1912 ya tashi da jama'arsa zuwa can, wurin da ya zama Sabon Zango. Wurin daji ne a lokacin. Shi ya riƙa yanka wa mabiyansa filaye, har makafi ya ware musu nasu ɓangaren.

Gidansa, da na waɗanda suka biyo shi, tsarin Arewa aka bi. Ginin ƙasa ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, ƙofa ɗaya ce zuwa titi. Baƙo namiji iyakarsa zaure: nan maigida yake karɓar gaisuwa, yake sasanta masu faɗa, almajirai kuma su baje allunansu. Daga nan hanya takan karkace, don kada idon mai wucewa ya faɗa kan matan kulle. Sai dai damshin bakin teku ba ya raga wa soron ƙasa, shi ya sa kwano ya hau kai, siminti kuma ya rufe bango daga baya.

Malam Baƙo ya rasu a 1938, sarautar zangon ta zauna a zuriyarsa, gidan ya zama fada. Wannan, a ganina, shi ya tsare wa gidan martaba, domin maƙwabtansa ba su yi wannan sa'a ba. Gidan gado a Sabon Zango ba kasafai ake sayar da shi ba. Ɗaki-ɗaki ake rabawa. Wannan jika ya zauna a nasa, wancan ya sa ɗan haya, na uku ya ci tsakar gida da sabon ɗakin bulo. Zauruka da dama sun koma shago ko wurin kwana. Gidan da aka gina don kulle, yanzu Bahaushe da Bazabarme da Ba'ewe ke layi a famfonsa da asuba, kuma in rufi ya fara yoyo, magada sukan daɗe suna gardamar wanda zai sayi kwano.