Manhajar Talla da Sana'ar Gyaran Kwamfuta a Maraɗi

Intanet ta shigo Jamhuriyar Nijar a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ta hannun kamfanin SONITEL, amma ba ta zama abin yau da kullum a Maraɗi ba sai da shagunan da ake biya a hau kwamfuta na awa ɗaya ko biyu, waɗanda ake kira siba, suka yawaita bayan shekara ta 2000. A unguwanni irin su Zariya, waɗanda aka yanka a kan tudu shekaru bayan ambaliyar 1945 ta tashi tsohon garin daga bakin gulbi, ma'aikata da ɗalibai ne suka fara buƙatar na'urar, kuma buƙatarsu ce ta haifar da sana'ar masu ɗora manhaja da gyaran kwamfuta. Tarihin wannan sana'a ba ya cika idan ba a ambaci manhajar talla ba, wato ƙaramin shirin da ke maƙalewa a jikin manhajar kyauta ya shiga na'ura tare da ita, sannan ya riƙa buɗe tallace-tallace, yana sauya shafin farko na burauza, yana kuma tattara bayanin wuraren da mai na'urar ke ziyarta.

Asalin abin daga Amurka yake, inda manhajar Gator ta bayyana a 1999, ta kuma bazu sosai bayan da aka haɗa ta da Kazaa, shirin musayar waƙoƙi da ya fito a 2001. Dabarar ba ta da wani sirri: mai talla yana biyan mai manhajar kyauta ɗan kuɗi a kan kowace na'urar da aka sa wa shirinsa, don haka abin da mai saukewa bai biya da aljihunsa ba yana biyansa da hankalinsa da ƙarfin na'urarsa. Manyan rumbunan manhaja ma ba su tsira ba, domin a 2011 shafin Download.com ya fara naɗe shirye-shiryen wasu cikin nasa shirin girkawa mai ɗauke da ƙari, SourceForge ya bi sahu a 2013 kafin ya janye a 2016, kuma sandar bincike ta Ask ta daɗe tana tafiya tare da Java.

Abin da ya bambanta Maraɗi da waɗancan wurare shi ne hanyar yaɗuwa. Da yake a lokacin layin intanet ba shi da sauri kuma kuɗinsa na da yawa, ba kowa ke sauke manhaja da kansa ba. Mai gyara ne ke sauke ta sau ɗaya, ya adana a kile, wato ƙaramar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, daga nan ya ɗora wa duk wanda ya kawo masa aiki, galibi a kan tsofaffin na'urorin da suka shigo ta hanyar Kano da Jibiya da Ɗan Isa, ko ta tashar ruwan Kwatano. Kuskuren mutum ɗaya kan zama rabon abokan cinikinsa duka. A allon girkawa akwai ɗan akwati da aka riga aka sa wa alamar amincewa, da rubutu ƙanana cikin Faransanci ko Ingilishi, mai gyara kuwa yana da na'urori uku ko huɗu a gabansa, sai ya yi ta danna maɓallin ci gaba ba tare da ya zaɓi girkawa ta musamman ba, alhali ita kaɗai ce ke nuna ƙarin da za a iya cire wa alama. Mai na'urar bai ga allon ba ma. Amanar da ya ba mai gyara ita ta tsaya a madadin karatunsa.

Maganin farko da sana'ar ta sani shi ne goge na'urar baki ɗaya a sake ɗora Windows, aikin da ya fi kawo kuɗi ga mai gyara amma yakan tafi da takardu da hotunan da ba a kwafe ba, kuma sau da yawa daga wannan kilen ake sake zuba manhajojin, cutar ta dawo ta ƙofar da ta fita. Sannu a hankali ƙwararru suka koyi hanya mai sauƙi: a duba jerin shirye-shiryen da aka girka bisa kwanan wata a cire baƙin, a tuge ƙare-ƙaren da suka maƙale a burauza a mayar da ita saitinta na asali, sannan a bi da AdwCleaner, shirin da aka rubuta a Faransa, wanda kamfanin Malwarebytes ya saya a 2016.

Wayar salula, wadda Celtel ya fara kasuwancinta a ƙasar a 2001, ita ta fitar da matsalar daga birni bayan zuwan wayoyin Android. Mutanen Tibiri da manoman rani na Jiratawa kan kai waya a zuba musu wa'azi da waƙoƙi da finafinan Kano, a haɗa musu da manhajojin da aka tura ta manhajar Xender daga wata wayar, inda babu mai tantance su, maimakon rumbun Google. A nan asarar ta fi ciwo, domin tallan da ke buɗe kansa datar da aka saya da ɗari biyu ko ɗari biyar ta sefa yake cinyewa. Gogewar da masu gyara suka dogara da ita ma ta daina wadatarwa a kowane hali: a 2020 masu binciken Secure-D sun ba da rahoton samun muguwar manhajar Triada a dubban wayoyin Tecno W2 a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru, an dasa ta tun kafin a sayar da su, ta yadda mayar da waya saitin masana'anta ba ya cire ta, kuma kamfanin Transsion, mai ƙera wayoyin, ya ɗora alhakin a kan wani daga cikin masu samar masa da kayan haɗi.