Tarihin Saƙa da Yadda Ake Koyonta

Ya kai mai karatu, dubi rigar da ke jikinka. Ko ka san inda anka saƙa ta? Kakanninmu sun san amsar wannan tambaya, don tufafinsu daga gonarsu suke fitowa.

Tun zamanin da, ana noman kaɗa, wato auduga, a fadamar Majiya da ƙasar Ƙwanni. Bayan girbi mata su gurje ta su fidda angurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa zare da mazari. Daga nan zare ya tafi wurin masaƙi.

Saƙa iri biyu ce. Mata na saƙa a tsaye cikin gida, suna fidda zane mai faɗi. Maza na zama a rumfa, suna saƙa ƙyalle siriri mai tsawo. Sai a yanka shi, a haɗa da ɗinki, ya zama riga ko gwado.

Yaro ba ya fara koyo da hawa masaƙa. Aikinsa na fari shi ne naɗa zare a kwarkwaro. In ya iya, sai ya bi ubansa wajen wadari, yana ƙirga zaren tsaye. Bayan haka a zaunar da shi, ya koyi takawa da ƙafa yana jefa ƙoshiya da hannu. Can gabansa an ɗora dutse bisa kunkuru don zare ya miƙe. In zare ya tsinke, shi zai ƙulla. Sai hannu da ƙafa sun saba da juna kafin a ba shi zaren mutane.

Wannan sana'a ta ɗaga sunan ƙasar Hausa. A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda anka sani da Abdul Karimu, ya iso Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa kowace shekara sun kai wuri miliyan 300. Ya ce ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus. Turkuɗin da Buzaye ke naɗawa ma, a garin Kura ake rina shi.

To, me ya rage ma masaƙa kasuwa? Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Turai ya yi yawa, ya yi araha. A 1957 anka buɗe babbar masaƙar inji a Kaduna. Daga baya Yamai ta samu tata, wadda anka sani da SONITEXTIL. Kaɗar manoma ta koma ga kamfani, ana gurzar ta da inji a Madawa. Mata da yawa sunka aje mazari. Sannan gwanjo ya cika kasuwanni.

Amma koyon saƙa bai mutu ba, ya shiga makaranta. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda anka kafa a 1962, akwai ɗalibai masu koyon tsara tufafi. Su kan zana adon a takarda, su ƙirga zare, sannan su zauna gaban masaƙa. Zare na tsinke masu, su ƙulla, kamar dai yaron rumfa.

Ka ga ke nan abin da tsohon masaƙi ya riƙe a kansa ilimi ne, har a jami'a ana nemansa. Sai dai ba a rubuce yake ba. Ranar da tsohon ya kwanta dama, ilimin ya bi shi.

Kai kuwa yanzu ka iya rubutu. In akwai tsohon masaƙi ko tsohuwa mai kaɗi a Tsarnawa ko ƙauyenku, je ka gaishe su da goro. Ka tambayi sunan kowane kayan aiki, da kowane irin zane, da yawan zaren da ke shiga cikinsa. Ka rubuta a littafinka, ka kawo aji mu karanta tare. Ka tafi da ɗanka, ko Allah ya sa hannunsa ya karɓa.