Yadda Masu Kai Ɗauki Suka Samu Matsayi a Idon Hukuma

Yau ina so mu waiwayi tarihin motar asibiti da 'yan agaji, mu ga yadda aka yi har doka ta san da zamansu, don mu san haƙƙinmu ranar da larura ta taso.

Aikin agaji dai ba baƙo ba ne a wajen Musulmi. A yaƙin Handaƙ, lokacin da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka kai shi tantin Rufaida a masallacin Madina, inda take jinyar masu rauni. Ka ga ke nan shugaba da kansa ya yarda da aikin mai jinya, ya ba ta wuri.

A ƙasashen Turai kuwa, sai a 1859 wani ɗan kasuwa mutumin Siwizalan, Henry Dunant, ya ga dubban sojoji yashe cikin jini bayan yaƙin Solferino a Italiya, ba mai ɗaukarsu. Kiran da ya yi shi ya haifar da ƙungiyar Red Cross a 1863. A 1864 ƙasashe suka sa hannu a Janeba cewa motar marasa lafiya da ma'aikatanta ba abin taɓawa ba ne a fagen fama. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ɗauki jan jinjirin wata a matsayin tata alamar a 1876, duniya kuma ta amince da ita a 1929.

Mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, kuma cinikin gyaɗa da fata da ƙaro ya jawo iyayenmu da dama zuwa nan. A wancan zamani, in ciwo ya kayar da mutum a ƙauye, sai dai a ɗora shi a jaki ko amalanke, ko a roƙi direban babbar mota. In an kai da rai, to an gode Allah.

A 1960 aka yi dokar da ta kafa Red Cross ta Nijeriya a matsayin mai taimaka wa hukuma. Ƙungiyoyin addini su ma suka kafa nasu 'yan agajin: Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, da Fitiyanul Islam, da Izala da aka kafa a Jos a 1978. Su ne muke gani da kaki a filin idi da wajen tashin alhazai. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, aka ɗora mata kwashe waɗanda hatsari ya rutsa da su a kan titi. A 1999 aka kafa NEMA don bala'o'i irin su ambaliya da gobara. Mutanen Gashuwa da suka ga ambaliyar 2022 sun san amfanin wannan.

Amma duk da haka akwai wani babban giɓi. Mutum ya tsinci wanda mota ta buge, ya ji tsoron ɗauka kada a riƙe shi a caji ofis. In ma ya kai asibiti, a ce sai an ajiye kuɗi, ko sai an kawo takardar 'yan sanda. Rayuka nawa suka salwanta a haka, Allah kaɗai ya sani.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ce ta fara toshe wannan giɓi. Sashe na 20 ya hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin duba mai larurar gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya ƙi, tarar Naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. A 2017 aka ƙara dokar da ta tilasta wa asibiti karɓar wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a wahalar da shi da tambayoyi. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin gaggawa na ƙasa, NEMSAS. Jiharmu ta Yobe, wadda aka cire daga Barno a 1991, ita ma ta kafa hukumarta ta motocin gaggawa a zamanin Gwamna Mai Mala Buni.

To jama'a, doka dai ga ta a takarda, saura aiki da ita. Mace mai naƙuda a ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya ba ta san sashe na 20 ba, abin da take buƙata mota ce. Shawarata ga ƙungiyarmu guda uku ce. Na ɗaya, mu tura samarinmu su koyi agajin farko a Red Cross ko ƙungiyoyin agaji masu rajista, su sami katin shaida, don mai kati ba a tsare shi a hanya kamar wanda ba a sani ba. Na biyu, shugabanninmu su zauna da hukumar asibitin tarayya na Nguru da ta asibitin Gashuwa da 'yan ƙungiyar direbobi, a san wa za a kira cikin dare, a liƙa lambobin a masallatai da tasha, har da 112 ta ƙasa baki ɗaya da 122 ta masu kiyaye haɗurra. Na uku, mu 'yan kasuwa da muke baza kaya har bakin kwalta, da masu Keke Napep, in mun ji jiniya mu buɗe hanya. Ba ka san wanda ke kwance a ciki ba, ta yiwu naka ne.

Allah ya kare mu daga mummunan ji da mummunan gani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.