Daga gadon Hipokrat zuwa injin kwamfuta: tarihin jan gadon baya

A ƙasar Gangara da Gazawa da Agiye, ciwon baya ba baƙo ba ne. Manomin da ya wuni duƙe yana noman gero ko tonon aya ya san shi, macen da ke jan guga daga rijiya mai zurfi ta san shi, haka ɗan dako a kasuwar Maraɗi. Ba su kaɗai ba ne: ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da ita ta nuna mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020. A manyan birane kuwa ana tallar wasu gadaje masu kwamfuta, waɗanda aka ce suna jan gadon baya su warkar da shi ba tare da tiyata ba. Kafin tallar ta iso ƙauyukanmu, ya kyautu malamai su san asalin wannan dabara, domin ta girmi kwamfuta da shekara fiye da dubu biyu.

Hipokrat, likitan Girka da littattafan Larabci ke kira Buƙuraɗu, an haife shi wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa. A rubuce-rubucen da ake jingina masa akwai bayanin wani gadon katako: a kwantar da majinyaci rub da ciki, a ɗaure shi a hamata da ƙugu da ƙafafu, a yi ta ja ta fuska biyu, likita kuma na danna ƙusumbin da hannu ko da ƙafa ko da allo. Akwai wata hanya da ta fi wannan tsanani, wato a ɗaure mutum a jikin tsani a sako shi daga sama don jijjigar ta miƙar da bayan. Abin lura, marubucin da kansa ya yi shakkar amfanin tsanin, yana ganin masu yin sa burge ƴan kallo suke nema. Ashe tun farkon tarihin nan, magani da talla tare suka taso.

Daga Girka dabarar ta bi hannun Jalinusu ta shigo ilmin likitancin Musulmi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo ta cikin littafinsa Al-Ƙanun, kuma a 1465 wani likitan Turkiyya, Sabunjuoglu na garin Amasya, ya zana hotunanta a littafinsa na tiyata. Sai dai duk waɗannan magabata gocewar ƙashi da karkacewar baya suke nufin gyarawa, kamar yadda maɗori ke jan ƙafar da ta karye kafin ya ɗaura karare. Ba su danganta ciwon da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ba.

Wannan sani bai tabbata ba sai a 1934, lokacin da likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa faifan na iya tsagewa, abin da ke cikinsa ya ɓullo ya danne jijiya, zafi ya sauka har ƙafa. Daga nan tsohuwar dabara ta sami sabuwar hujja: in an ja ƙasusuwan sun ɗan rabu, wataƙila abin da ya ɓullo ya koma. James Cyriax na Landan ya yaɗa wannan ra'ayi a shekarun 1950. Wajen 1990 kuma wani likitan Kanada, Allan Dyer, ya fito da gadon VAX-D, mai ja yana sassautawa bisa lissafin na'ura, aka kuma sauya wa aikin suna, ana kiran sa sauke nauyi daga faifai. Wasu injina suka biyo baya, irin su DRX9000, wanda aka riƙa tallarsa da sunan hukumar sararin samaniyar Amurka. A 2007 jami'an binciken ƙasar suka kai samame ofishin kamfanin da ke ƙera shi a jihar Florida.

To, me awo ya nuna? A 2013 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 32 da aka yi kan mutum 2762, ta ga jan baya ba ya rage zafi ko saurin komawa aiki, in ma ya yi to kaɗan ne. A 2016 hukumar tantance magunguna ta Ingila ta ce kada a ba majinyata shi, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar yi ba ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Abin da ta ƙarfafa shi ne motsa jiki bisa tsari da wayar da kan majinyaci.

Mai karatu zai ce, ai akwai waɗanda suka hau injin suka warke. Gaskiya ne, kuma a ganina nan ne sirrin daɗewar dabarar. Faifan da ya ɓullo sau da yawa yakan janye da kansa; wani nazari na 2017 ya sami haka ga kusan kashi biyu cikin uku na majinyata. Duk wanda aka je wurinsa cikin waɗannan makonni, wanzami ne mai ƙaho ko mai injin miliyoyin kuɗi, shi ke karɓar godiya. Bambancin kawai, ƙahon wanzami ba ya sa a sayar da akuya ko a jinginar da gona.

Akwai kuma haɗarin da ya fi shafar ƙasarmu. Ba kowane ciwon baya ne na faifai ba. Tarin fuka na kama ƙashin baya ya cinye shi, cutar da Percivall Pott ya bayyana a 1779, kuma har yau ana ganin ta a asibitocin Sahel. Ja ko danna irin wannan baya na iya kai mutum ga shanyewar ƙafafu, alhali maganinsa ƙwayoyi ne na watanni. Ciwon baya mai tafe da rama da zazzaɓin dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na likita ne tun ranar da aka gan shi.