Ƙashi da Haure: Shaidun Tarihi daga Gobero

Idan aka tambayi ɗalibi a Matameye daga ina tarihin ƙasarmu ya faro, sai ya ambaci Bayajida da rijiyar Kusugu, ko sarakunan Damagaram. Amma akwai shaidun da suka girmi waɗannan labaru da dubban shekaru, kuma an same su ne a cikin abin da muka saba jefa wa kare, wato ƙashi.

A shekarar 2000, ayarin wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sereno yana neman ƙasusuwan dinozor, manyan dabbobin nan da suka shuɗe, a hamadar Tenere, kudu maso gabashin Agadas. A wani wuri da ake kira Gobero suka iske ƙasusuwan mutane waɗanda iska ta yaye wa rairayi. An koma haƙa a 2005 da 2006, aka bayyana sakamakon a 2008. Cikin masu binciken har da ƴan Nijar, Oumarou Idé da Abdoulaye Maga. An gano kaburbura wajen 200 a gefen wani tafki da ya daɗe da ƙafewa.

Al'umma biyu ne suka zauna a wurin. Ta farko ta rayu daga kusan shekara ta 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutane ne dogaye, masunta kuma mafarauta. Ba su san ƙarfe ba, don haka da ƙashin dabba suke sassaƙa ƙugiya da kan mashi mai kunnuwa, wanda in ya shiga jikin kifi ba ya zarewa. Da irin waɗannan suke kama giwan ruwa a inda yau babu ko ɗigon ruwa. Fari na kusan shekara 1000 ya watsa su. Da ruwa ya dawo, wajen 5200, wata al'umma ta zo ta zauna har zuwa 2500.

A cikin kaburburan al'umma ta biyu aka sami wata yarinya mai kimanin shekara 11, wadda aka binne shekaru wajen 4800 da suka wuce. A dantsenta akwai awarwaro da aka sassaƙa daga hauren dorina. Haure abu ne mai tauri, sai an daɗe ana goga shi da dutse kafin ya yi siffa. Mutanen da suka ɓata wannan lokaci domin adon yarinya, suka kuma bar mata shi a kabari, sun san ƙawa, sun san darajar ɗa. Awarwaron ya kuma tabbatar da cewa dorina ta taɓa yin iyo a Tenere.

Irin wannan sana'a ba ta tsaya a Gobero ba. A Daima, kusa da Tafkin Cadi, haƙan da Graham Connah ya yi a 1965 da 1966 ya fito da masun kifi na ƙashi. Haka kuma, lokacin da ayarin raƙuma ke bi ta Damagaram a ƙarni na 19 ɗauke da hauren giwa da gashin jimina zuwa Tarabulus, mutanen wannan yanki sun riga sun yi dubban shekaru da sanin ƙimar haure.

Mu da ke zaune a gefen Korama, muna ganin yadda ruwa ke ƙaruwa wata shekara ya janye wata, bai kamata labarin Gobero ya zama baƙo gare mu ba. Ƙasarmu ma cike take da kufai, kuma manomi kan tono katanga ko ƙashi da hauyarsa. Abin da aka ɗauke daga mazauninsa ba tare da an rubuta inda yake da abin da ke kusa da shi ba, ya rasa rabin shaidarsa. Wanda aka sayar wa dillali kuwa ya ɓace mana baki ɗaya. Da an zare awarwaron nan an kai kasuwa, da ba mu san yarinya ce ta sa shi ba, balle zamaninta.

Saboda haka aiki yana kan malamai da ƙungiyoyin raya al'adu: mu koya wa yara cewa in sun ga irin wannan a gona, su bar shi inda yake, su sanar da malaminsu ko mai gari, domin labari ya kai ga masana.