“Bawanka mai biyayya”: yadda takardar neman aiki ta shigo Zariya

Duk wanda ya bi ta Tudun Wada zuwa Kongo ya san shagunan buga takardu da ke jere a bakin titi. Matashi zai shiga ya ce a yi masa takardar neman aiki. Mai shago ba ya tambayarsa abin da ya iya. Akwai wata tsohuwa a kwamfuta, sai a goge sunan wancan a sa nasa. A cikinta akwai roƙo, akwai ƙanƙan da kai, akwai alkawarin biyayya, amma da wuya ka sami jimla ɗaya da ta faɗi aikin da yaron ya taɓa yi. Wannan hali yana da tarihi, kuma wani ɓangare na tarihin a waɗannan unguwanni aka yi shi.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa ta san wasiƙa sarai. Sarakuna suna rubuta wa Sarkin Musulmi da Wazirinsa da Larabci, a buga hatimi, a ba manzo. Wasu daga cikin wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato su ne H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Sai dai wasiƙa abar mulki ce da fatauci da ilimi. Mai neman aiki ba ya rubutu, mutum yake nema. Uba ya kai ɗansa wurin maƙeri, malami ya tura almajirinsa wurin wani malamin, bara ya sami ubangida ta hannun wanda ya san su duka biyun. Wani ne ke faɗin halinka, domin yabon kai jahilci ne, kuma kunya ta hana.

Turawa sun kama Zazzau a 1902, jirgin ƙasa ya biyo baya cikin shekara goma, sai ga ofisoshi da kantuna masu bukatar akawu. Baturen da zai ɗauke ka bai san ubanka ba, bai san malaminka ba. Takarda yake so, da Turanci. Da farko 'yan kudu da ke Sabon Gari ne suka cike yawancin waɗannan gurabe, tun da sun riga mu shiga makarantar boko. Salon da aka gada a ofis kuwa na ƙasa ne yana magana da na sama: wasiƙun gwamnatin mulkin mallaka suna rufewa ne da marubuci ya kira kansa bawa mai biyayya. Wanda bai iya rubutu ba ya je wurin marubutan wasiƙa na bakin kotu da gidan waya, mutanen da sana'arsu ita ce rubuta ƙara da koke. Da alƙalamin koke suka rubuta neman aiki. A ganina a nan aka yi auren da har yau bai mutu ba: kunyarmu ta gida ta haɗu da ladabin ofishin Bature, suka haifi takardar da ke roƙo maimakon ta yi bayani.

Abin sha'awa, shahararren ma'aikacin da ya yi zamani a wannan yanki ba ta roƙo ya samu ba. Abubakar Imam malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai a 1933. Ya aika da Ruwan Bagaja. East ya karanta, ya ga hannun, daga baya ya nemo shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam ne editanta na Hausa. Abin da ya gabatar da shi aikinsa ne, an ɗora a tebur an duba. (Ba na cewa kowa ya rubuta littafi. Ina cewa wanda zai ɗauke ka abin dubawa yake nema.) Daga baya Imam ya zauna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, wato ya koma cikin masu karanta takardun wasu.

A shekarun 1950 ne takardar ta zama ruwan dare. Makarantar horar da akawuna da ke Kongo ta zama Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki a 1954, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya, gwamnati kuma ta duƙufa wajen mayar da aikinta hannun 'yan Arewa. Yaƙi da Jahilci ya koya wa manya karatu da rubutu. A lokacin gurabe sun fi masu takardar shaida yawa, don haka ko wace irin wasiƙa ka rubuta, shaidar makarantarka ta isa. Salon roƙo bai cutar da kowa ba, shi ya sa ba wanda ya damu ya gyara shi.

Yau lissafin ya juye. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da sauran manyan makarantun Zariya suna yaye dubbai kowace shekara. Na taɓa taya wani edita tace takardun masu neman aikin ɗauko rahoto. Mafi yawansu sun buɗe da jimla iri ɗaya, wasu ma sun manta ba su canza sunan ma'aikatar da aka rubuta wa ta asali ba. Bai fi minti ɗaya muke ba kowace ba. Wadda ta tsayar da mu gajera ce, ba ta cika shafi ba. Yarinyar ta ambaci aikin da take nema da inda ta ga sanarwarsa. Ta ce lokacin bautar ƙasa ta yi rahotanni uku a kan matsalar ruwan sha a garin da aka tura ta, ta haɗo su, ta ce ta iya tace murya a kwamfuta, tana aiki da Hausa da Turanci. Ta gaishe mu da ladabi a layi ɗaya, ta yi sallama a layi ɗaya. Editan ya karanta rahoton farko har ƙarshe, ya ɗauki waya ya kira ta a ranar.