Peugeot 504: Yadda tsohuwar Fijo ke zama kadara

A watan Maris na 2011 an yi gwanjon wata farar Peugeot 504 ƙirar 1977 a ƙasar Iran, aka sayar da ita a kan kusan dala miliyan biyu da rabi. Ƙarfenta da injinta ba su fi na 'yan uwanta da ke ruɓewa a bayan garejin bakanikai a Kano ko Zariya ba. Abin da aka saya shi ne sunan mai ita, wato Mahmoud Ahmadinejad, shugaban ƙasar a lokacin. Ashe tsufa kaɗai ba ya ba mota daraja.

An fito da 504 a Paris a 1968, bayan yajin aikin da ya girgiza Faransa a watan Mayun shekarar ya jinkirta fitowarta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Sai dai sunan da ta yi na gaskiya a kan hanyoyin Afirka ta yi shi. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada ba tare da sun jijjiga fasinja ba, injinta kuwa bakanike mai sifana da sukurdireba zai iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. A 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, tseren da ya saba karya motoci tun kafin su kai rabin hanya.

A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Da yake tashar jiragen ruwa ta Legas ta cunkushe a lokacin, sai aka riƙa ɗauko sassan ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati. Daga nan ta gangara zuwa kowane mataki na rayuwa: motar 'yan sanda, motar asibiti, motar kai amarya, sai kuma doguwar nan mai kujeru sahu uku da ta riƙe tashoshin mota tsawon shekaru. An daina ƙera ta a Turai a 1983, in ban da a-kori-kura, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har zuwa 2006.

Farin jinin nan shi ne ya cinye ta. Motar da kowa ke so ba ta hutawa. An yi ta lodi fiye da kima, an sauya inji, an yi walda a kan walda, an shafa fenti a kan tsatsa. Ita ma Turai ta rasa nata, domin dubban Fijo na hannu an loda su zuwa Afirka, suka ƙare kwanakinsu suna jigila. Motar da aka ƙera fiye da miliyan uku ta wayi gari mai lafiyarta tana wuyar samu.

Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa masu adana tsofaffin motoci na duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, an kiyaye ta a kan kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Sharaɗi na biyu ne mai wuya. Masu saye suna duba ko injin da ta fito da shi daga masana'anta ne a cikinta, ko kujerun da sitiyarin nata ne, ko akwai takardun da ke nuna hannuwan da ta bi. Tsohon fenti da ya koɗe sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli daraja a wurinsu, saboda sabon yana iya ɓoye ɓarna. Ƙaranci ma yana da tasiri: samfurin buɗaɗɗen rufi da Pininfarina ya haɗa bai wuce kimanin 8,000 ba, shi ya sa kuɗinsa ya ninka na mai ƙofa huɗu.

Wanda ya gaji 504 ƙirar Kaduna ba zai samu farashin Ahmadinejad ba, kuma riƙe ta na cin kuɗi. Amma abin da ke hannunsa shaida ce ta zamanin da ma'aikaci ke karɓar rancen mota ya sayi sabuwa dal wadda aka haɗa a ƙasarsa, kafin faɗuwar naira daga 1986 ta tura kowa zuwa ga 'yan Kwatano. Irin waɗannan motoci suna nan jefi-jefi a gidajen tsofaffin ma'aikata, an lulluɓe su da tamfol, tayoyi sun sace. Idan mai gida ya rasu aka zo rabon gado, yawanci wanda ke fara tayawa shi ne ɗan gwangwan, shi kuwa da sikeli yake ciniki.